In tura 'yata Legas koyon aikin shirya nunin tufafi ba albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki a Kano, ina kuma saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa. 'Yata ta gama difloma, ita ke riƙe min littafin oda. Wani kamfani mai shirya bikin nunin tufafi a Legas ya ɗauke ta sanin makamar aiki na mako shida. Sun ce babu albashi, sai abincin rana da kuɗin mota a ranakun bikin. Na yi lissafi, tafiyar za ta ci kusan naira dubu 500, kuma daga jarina zan cire. Wane aiki ma za su sa ta? Kuɗin nan zai dawo, ko yawon kallo kawai za ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya raya yarinya.

Ni dai ina goyon bayan tafiyar, amma kada ki fitar da ko sisi sai kamfanin ya rubuto miki sashen da za ta yi aiki da sunan wanda za ta zauna a ƙarƙashinsa. Ribarki ko asararki na cikin wannan takarda, domin a biki ɗaya wata yarinyar kan dawo da sana'a, wata kuma ta dawo da hotuna a waya da ciwon ƙafa.

Abin da 'yan kallo ke gani ɗan kaɗan ne. Kayan mai zayyana tufafi ɗaya kan wuce a dandamali cikin minti 10 zuwa 15, amma an kwashe watanni ana shiri. A makonnin farko 'yarki za ta fi zama a ofis: buga sunayen baƙi, aika katin gayyata, kiran waya a tabbatar da mai zuwa, tsara wanda zai zauna a sahun gaba. Aiki ne mai gundura, amma a nan za ta ga su wa ke saye da yawa, su wa ke rubutu a jarida, su wa ke zuwa don a gan su kawai.

Inda nake so ta samu shiga shi ne ɗakin kaya. Idan tufafi suka iso daga masu zayyana, 'yan koyo ne ke ƙirga su, su rubuta kowace riga da mayafinta da takalminta da sarƙarta. A ranar gwaji ana sa wa kowace mai talla, wato wadda za ta sa kayan ta fito dandamali, kayanta, a ɗauki hoto, a maƙala shi a kati tare da lambar fitowarta, a rataye a gaban kayan. Sai guga da tururi, sai gyaran inda ya yi yawa ko ya matse. Ranar biki kuma kowace 'yar koyo ana ba ta mai talla ɗaya ko biyu, ita za ta cire musu kaya ta sa musu wasu, sau da yawa cikin minti ɗaya ko biyu, kafin a kira lambarsu. Na taɓa tsayawa a bayan fage na ga zif ya tsinke wa wata doguwar riga, saura mutum uku a kira mai ita. Yarinyar da ke kula da ita ba ta ɗaga murya ba. Allura da zare na soke a hannun rigarta tun safe, ta durƙusa ta ɗinke bayan rigar a jikin mai tallan, ta yanke zaren da haƙori, ta tura ta layi. Da aka tashi, na ga mai kayan da kanta ta nemo yarinyar ta karɓi lambar wayarta. 'Yar da ta tashi a shagon ɗinki tana da wannan hannun tun daga gida, kuma da yawa cikin waɗanda za ta tarar a can ba su taɓa taka keke ba. Ta faɗa wa kamfanin ta iya ɗinki tun ranar farko.

Bayan an watse, aiki bai ƙare ba. Dole a sake ƙirga komai, a mayar wa kowa kayansa da sa hannu. Wannan tsari na shigar kaya da fitarsu shi ne abin da shagunanmu suka fi rasa. Ke kin san yadda ɗankwalin kwastoma ke ɓata a jajibirin salla, a yi ta rantse-rantse.

Akwai kuma masu tarbar baƙi a ƙofa, da masu raba jakar kyauta, da 'yan aike. Idan a nan kaɗai za a ajiye ta har mako shida, dubu 500 ɗinki ta yi yawa. Idan bikin yana da rumfunan sayar da kaya, ta roƙi ko kwana ɗaya a can, ta ga yadda ake sa farashi da yadda ake karɓar oda daga masu sari.

Batun rashin albashi kuwa, ba a Legas aka fara ba, tsohuwar al'ada ce a wannan harka har a Turai da Amurka, kuma ba na jin daɗinta. Kamfanin Condé Nast mai mujallar Vogue ya rufe shirinsa na 'yan koyo a 2013 bayan wasu da suka yi masa aiki sun kai ƙara, a 2014 ya amince ya biya dala miliyan 5.8. Na kawo wannan ne don ki san cewa neman haƙƙi a nan ba rashin kunya ba ne. Tunda ba za su biya ta ba, to su rubuta awannin aiki, da wanda zai mayar da ita masauki idan an kai dare, domin ranakun biki ana fita da asuba a dawo tsakar dare. Su kuma fayyace wa zai biya idan riga ta ƙone a guga ko sarƙa ta ɓata. Wannan ya fi komai damuna, don riga ɗaya a irin wurin nan tana iya fin kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Duk abin da aka aike ta ta saya da kuɗinta, ta karɓi rasit. Idan kuma suka ce ku biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a ɗauke ta, ki janye. Mai neman hannun da zai taya shi aiki kyauta ba ya kuma karɓar kuɗi.

Ki bincika kamfanin. Ki duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki nemi hotunan bikin da suka yi a baya, ki sa a yi magana da wata da ta taɓa yi musu aiki. Manyan bukukuwa sanannu ne. Lagos Fashion Week, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, ana yin sa ne wajen ƙarshen Oktoba. Bankin GT ma yana shirya nasa a Legas, inda ƙananan 'yan kasuwa ke baje kaya. Maƙwabtanmu na Nijar suna da bikin FIMA, wanda mai zayyana tufafi Alphadi ya fara a 1998 a saharar Tigidit kusa da Agadas. Idan kamfanin ya ce yana aiki da ɗaya daga cikin irin waɗannan, abu ne mai sauƙin tabbatarwa.

Na san akwai abin da ba ki rubuta ba amma yana ranki. A bayan fage ana canja kaya a gurguje, maza da mata na kai-komo. Tana da damar cewa mata kaɗai za ta yi wa hidima, kuma za ta riƙa fita salla. Ta faɗa tun kafin ta tafi, a sa a takardar. Da mayafinta za ta yi aikinta, yawanci baƙaƙen kaya da takalmi marar tsini kawai ake nema daga ma'aikata.

Sai kuɗin. Ban yarda ki taɓa jari ba, Hajiya. Dubu 500 atamfa ce da za ta juya sau da yawa kafin shekara ta ƙare. Ki cire daga riba, ko ki jira kwasar adashi. Masauki ne zai cinye kaso mafi girma, don haka ki fara neman 'yan'uwa ko aminai a Agege ko Idi-Araba, inda mutanenmu suke da yawa, amma ki auna nisa, don cunkoson Legas na iya cinye abin da aka rage. Ki kuma sa a lissafi wanda zai riƙe littafin oda a bayanta. Idan tafiyar ta faɗo a watan azumi ko gab da babbar salla, lokacin da ɗinki ya fi yawa, a haƙura sai wani zagayen.

Kuɗin ba zai dawo a wata ɗaya ba, kuma ba zai dawo da kansa ba. Ku zauna ku yi yarjejeniya kamar abokan kasuwanci. Ta dawo da takardar shaida daga kamfanin, da lambobin masu zayyana da masu ɗaukar hoto da masu shagunan da ta yi hulɗa da su, da kwafin takardun ƙirgar kaya da na tsarin fitowa idan an ba ta izini. Ta tafi da riguna biyu ko uku na ɗinkin shagonki ta riƙa sawa a ranakun ofis, domin aikin hannu na Kano da rinin Ƙofar Mata suna da masu nema a can.

Idan ta dawo, ki ba ta wata biyu ta shirya miki ƙaramin nuni na mata zalla, ko a tsakar gida ne: riguna 15, kujeru 40, kwastomominki da ƙawayensu, kowace riga da katinta da farashinta, littafin oda a bakin ƙofa. Odar da aka rubuta a ranar, ki ajiye ta gefe da abin da kika kashe a tafiyar Legas ki kwatanta.