Waƙa na tayar min da tsigar jiki, zane kuwa ko a jikina: me ya sa?

Tambaya: Akwai waƙoƙin da in na ji su sai tsigar jikina ta tashi, wani lokaci har da ƙwalla. Amma na je wani baje kolin zane-zane, mutane sai yaba wani zane suke yi, ni kuwa ban ji komai ba. Ko dai ba ni da idon ganin irin wannan ne?

Amsa: Malama, idonki lafiyarsa ƙalau. Tambayar da zan yi miki ita ce: sau nawa kika ji waƙar nan, kuma minti nawa kika yi gaban zanen?

Waƙa ita ke riƙe da linzamin lokaci. In ta minti huɗu ce, sai kin ba ta minti huɗun, kuma tana maimaita kanta, amshi ya tafi ya dawo, har ki san abin da ke tafe. Wannan jiran shi ne rabin daɗin. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre na Jami'ar McGill da ke Kanada sun duba ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da suke so. Sun ga sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, yana fita tun ana dab da kaiwa gaɓar da ke ratsa mutum, sannan ya sake fita in an kai. Ke ma kin sani: hannu kan tsaya cak, ki ɗan riƙe numfashi, kafin mawaƙi ya ɗaga murya a wurin nan da kike so. Ga kuma sabawa da abu. Tun 1968 masanin halayyar ɗan'adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kan sa mutum ya ƙara son sa.

Zane bai da wannan gatan. Yana rataye ne kawai, ba ya riƙe kowa. Wani bincike da aka wallafa a 2001 a kan maziyartan gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya gano cewa matsakaicin tsayuwar mutum gaban shahararren zane daƙiƙa 27 ne. Wace waƙa ce za ta sa ki kuka a daƙiƙa 27?

Ido kuma ba ya kwasar hoto gaba ɗaya, tsalle yake yi daga nan zuwa can, kusan sau uku a daƙiƙa. Masanin Rasha Alfred Yarbus ya bi sawun idon masu kallon wani zane da mai zane Ilya Repin ya yi, na mutumin da ya dawo gida ba zato. In ya ce su ƙiyasta shekarun mutanen ciki, sai ido ya manne wa fuskoki. In ya ce su auna arzikin gidan, sai ya koma kan kayan ɗaki. Zane ɗaya, amma tambayar da ke ranki ita ke jan ido.

Don haka ki koma, ki zaɓi zane ɗaya tak, ki ba shi minti goma. Ina haske ya fito? Ina mai zanen ya danna buroshi har fenti ya yi tudu? Wa ke kallon wa? Kada ki karanta takardar bayanin da ke gefe sai kin gama, domin ita kan cinye kallon. Jennifer Roberts ta Jami'ar Harvard awa uku cur take sa ɗalibanta su zauna gaban zane guda, ni dai ban kai ta tsanani ba. In minti goman suka cika bai ce miki komai ba, wuce na gaba, mai yiwuwa wannan ba naki ba ne.