Goyon bayan Newcastle bayan Saudiyya ta saye ta

Ka tambaya ko laifi ne ka ci gaba da goyon bayan Newcastle tunda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya saye ta a 2021. A ganina ba laifi ba ne, ɗan'uwa, ci gaba da kallon ƙwallonka. Ba kai ka sayar da ƙungiyar ba, ba a kuma nemi shawararka ba. Wadda ya kamata a tuhuma ita ce hukumar gasar Firimiya, da ta amince da cinikin wai an ba ta tabbacin gwamnati ba za ta juya ƙungiyar ba, alhali Yarima Muhammad bin Salman, mai jiran gadon sarautar Saudiyya, shi ne shugaban asusun.

Sharaɗin dai kada son ƙungiya ya mayar da kai lauyan masu kuɗin. Ni ɗan Manchester City ne tun kafin kuɗin Abu Dhabi, babban birnin Daular Larabawa, su shigo ƙungiyar a 2008, kuma na faɗa wannan tarkon. Da muka ɗauki kofin gasar Firimiya a 2012, bayan shekara 44 muna jira, wani ya tayar da maganar wahalar da leburori 'yan ci-rani ke sha a Daular Larabawa. Raina ya ɓaci kamar gidanmu aka zaga, na ce masa hassada ce kawai, ko sauraron hujjarsa ban yi ba. Har yau ina jin kunyar abin. To kai ma in aka ambaci kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul a 2018, kada ka amsa da sakamakon wasan ranar Asabar.