Na Rage Ƙiba, Amma Fatar Ta Ƙi Komawa

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekaruna 38, 'ya'yana huɗu. Cikin shekara biyu na sauko daga kilo 126 zuwa 82 ta hanyar rage cima da yawan tattaki. Sai dai fatar cikina ta zubo har ta rufe mara, ta damatsana kuma tana reto. Da zafi ƙarƙashinta kan yi ja, ga ƙaiƙayi ga wari. Akwai man da zai mayar da ita, ko sai tiyata?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, kilo 44 ba wasa ba ne. Fatar da ta yi shekaru a miƙe, zaren da ke ba ta danƙo ya riga ya tsinke, kamar robar siket da ta saki. Man shafawa ko ɗaure ciki ba sa mayar da ita. Idan ta kai yadda kika kwatanta, yankewa ce maganinta.

Amma kada ki yi gaggawa. Sai nauyinki ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida, domin idan kika ci gaba da ramewa bayan aikin, wata fatar za ta sake zubowa. Idan kuma kina sa ran wata haihuwa, ki bari sai kin gama, juna biyu na warware ɗinkin naman ciki.

A aikin ciki, likita kan tsaga daga wannan ƙugu zuwa wancan, ƙasa-ƙasa inda wando ke rufewa, ya ɗaga fatar, ya ɗinke naman cikin da haihuwa ta raba, ya yanke rarar, sannan ya fito da cibiya ta sabuwar ƙofa. Yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, kina cikin barcin allura. Na damatsa kuwa tabonsa daga hammata yake zuwa gwiwar hannu. Mu dai ba ma son a haɗa su duka rana ɗaya, gara a bar tazarar wata uku zuwa shida.

Abin da ya fi yawan faruwa bayan aiki shi ne taruwar ruwa ƙarƙashin fata. Shi ya sa ake barin 'yar roba mai tsotse shi, ba a cire ta sai abin da ke fita ya yi ƙasa da mililita 30 a yini. Na biyu, buɗewar ɗinki, kuma yawanci daga shiri ake samun matsalar: ƙarancin jini, sukarin da bai daidaita ba, taba ko shisha, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda ya rage ƙiba ya saba da ƙauracewa abinci, alhali ciwo ba ya warkewa da kyau sai da abinci irin su ƙwai, kifi, wake da nono. Mai shan taba ya daina aƙalla mako huɗu kafin aiki. Mafi haɗari shi ne gudan jini a ƙafa da kan iya tafiya huhu, don haka tun ranar farko za a tayar da ke ki taka, ko da a sunkuye.

Za ki yi kamar mako shida da rigar matsi, ba ɗaukar bokiti ba goyo, sallah ma a zaune a makonnin farko. Kuma ki guji gasa jiki da ruwan zafi irin na jego. Fatar mara kan yi watanni ba ta ji, sai mace ta ƙone ba ta sani ba.

Tabo ba ya ɓacewa, yakan dai dushe cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, saboda haka idan hujin kunne ko tiyatar haihuwa ta taɓa bar miki irinsa, ki faɗa wa likita tun ganin farko. Ki nemi ƙwararren likitan gyaran jiki a asibitin koyarwa, kamar na Shika da ke kusa da ke. Kafin nan, ki riƙa wanke ƙarƙashin fatar kina busar da shi sarai, likita ya rubuta miki man kashe ƙwayoyin cutar fata, ki kuma ɗauki hoton wurin duk lokacin da ya tashi, ki tafi da shi ranar ganin likita.