Amsa ga mai son karatun zane a kwalejin gwamnati a Amurka

Ƙanenmu, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama sakandare a Zariya, hannunka ya faɗa a zane, kana son digirin farko a kwalejin gwamnati a nan saboda ka ji ta fi araha.

Arahar ta 'yan jihar ce. Baƙo kuɗin 'yan waje yake biya, sau da yawa ninki biyu ko fiye, kuma tallafin gwamnatin tarayya ba ya kaiwa kansa. Kafin makaranta ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai ka nuna shaidar banki ta kuɗin shekara guda, karatu da masauki da abinci. Bizar ɗalibi, wato F-1, awa 20 a mako kawai ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, shi ma cikin harabar makaranta. Fenti da ƙyallen zane da takarda kuwa daga aljihunka. Sharuɗɗan biza ga 'yan Najeriya suna yawan canzawa, don haka duba na yanzu kafin ka biya ko sisi.

Digirin iri biyu ne, kowanne shekara 4, kiredit (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) 120 ko kusa. A BFA, digirin ƙwarewa a zane, kusan kashi biyu cikin uku aikin sutudiyo ne, wato aikin hannu a ɗakin zane; a BA, digirin gama-gari, kusan ɗaya cikin uku. Kwas ɗin sutudiyo mai kiredit 3 yana cin kamar awa 6 a mako, ban da aikin dare.

Inda aka fi faɗuwa shi ne fotfoliyo, wato zaɓaɓɓun ayyukanka, galibi 10 zuwa 20. Yaranmu sukan cika shi da fuskokin sarakuna da 'yan fim da suka kwafa daga waya. Komai kyansu ba sa burge malaman, domin kyamara ta riga ta yanke haske da inuwa, kai bin sawu ka yi. So suke su ga abin da idonka ya auna da kansa. Ka zauna a Ƙofar Doka ka zana masu wucewa, ka zana hannun mai dukan turmi, tulu da inuwarsa, adon bangon tsofaffin gidajen cikin birni. Ka haɗa da shafukan littafin gwajinka, har waɗanda ba su kammalu ba. Wajen ɗaukar hoton aikin, a inuwa da rana, ba filasha, waya ta fuskanci takardar daidai. In ta karkata, zanen zai fito a karkace.

Abu guda da ba a cika faɗa wa iyaye ba: darasin zana jikin mutum a mafi yawan makarantun nan da mutum tsirara ake yi, kuma sau da yawa wajibi ne. Ka rubuta wa sashen ka tambaya tun kafin ka nema, ka yi shawara a gida. Haka ma darasin sassaƙa, ka tambaya.

Bayan kammalawa izinin aiki na wata 12 ne. Ƙarin wata 24 na 'yan kimiyya da fasahar ƙere-ƙere ne, mai zane zalla ba ya ciki.

A ganinmu, in kuɗin ba su taru ba, Samaru na bakin ƙofarka. A Zariya masu zane su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka yi ƙungiyarsu ta 1958, kuma sashen zane na ABU yana nan a Samarun. Ka yi digirin farko a can, sannan ka nemi MFA, digiri na biyu a zane, a Amurka. A matakin ne jami'o'in gwamnati da dama ke yafe kuɗin karatu su ƙara da alawus ga ɗalibin da ke taya koyarwa.