Hukuncin Barin Yara Su Kalli Katun Ɗin Mutum-mutumi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Tudun Wada, Kaduna. 'Ya'yana sun ƙwallafa rai a kan katun ɗin nan da ake nuna mutum-mutumin ƙarfe yana magana yana taimakon mutane. Autata har kuka ta yi ranar da aka nuna ya lalace, tana cewa ya mutu. Maigida ya ce hoto ne, haramun ne, a daina. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa yaran albarka, 'yar'uwa.

Maigidanki bai faɗi magana a banza ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa masu yin surori suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar ƙiyama. Sai dai malamai sun yi bayanin irin surar da ake nufi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, wadda ta haramta ita ce surar abu mai rai, mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi. Zanen da yake shimfiɗe bai kai haramun ba, iyakarsa karhanci. Abin da ke gilashin talabijin ko waya kuwa haske ne, da an kashe ya tafi.

Sannan shari'a ta yi wa yara rangwame. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana a ɗakin Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawud ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, sai ya yi dariya bai hana ta ba. Sahabiya Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ce ranar Ashura sukan yi wa yara masu azumi abin wasa da ulu, su shagala da shi har a sha ruwa. Don haka asalin kallon ya halatta. Akwai malaman da suka tsananta a kan kowane zanen mai rai, ina girmama ijtihadinsu, amma wannan ne ya fi ƙarfi a wurina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kukan autarki. Masu shirya waɗannan finafinai sun san aikinsu. Suna ba na'urar manyan idanu da tafiyar mai koyon tatata, ta zo ba ta san komai ba, tana tambaya tana kuskure, sai yaro ya ga kansa a cikinta. A fim ɗin WALL-E na 2008 na'ura ce ke kwashe bolar da mutane suka bari a duniya, ita kaɗai. A The Wild Robot na 2024 na'ura ce ta reni ɗan tsuntsun da ya rasa uwa. Akwai tausayi da riƙon amana a ciki, ba na musun haka. Amma labarin yakan kai inda ƙarfen zai yi zuciya, ya yi so, ya zaɓi abin da mai ƙera shi bai tsara masa ba. Nan ne yaro zai iya ɗauka cewa rai abu ne da ake haɗawa a masana'anta. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 85, ruhi yana daga al'amarin Ubangiji. A Suratul Hajji, aya ta 73, Ya ce waɗanda ake kira koma bayanSa ko ƙuda ba za su halitta ba, ko da sun taru.

To ki zauna kusa da ita lokacin kallon. Ki yaba mata tausayinta, kada ki tsawata. Daga nan ki cire batirin rimot ki ba ta ta danna, ki ce mata haka wancan yake, mutum ne ya haɗa shi, mutum ne ya ara masa murya.

Ki riga su ganin fim ɗin, domin wasu na ɗauke da soyayya da kiɗa da shigar da ba ta dace ba, wanda kuwa ya taɓa aƙida a bar shi gaba ɗaya. Kada kallo ya ci lokacin salla ko Islamiyya. Idan duk da wannan bayani maigida ya tsaya a kan hanawa, ki bi shi, domin barin halal irin wannan ba zunubi ba ne, kuma shi ma makiyayi ne da za a tambaya a kan iyalinsa.

Wallahu a'alam.