Tambaya da Amsa: Ɗalibina yana yaga takarda duk lokacin da na ba shi aiki

Tambaya: Ina koyar da wani yaro mai lalurar jinkirin fahimta. Da zarar na ba shi aikin lissafi, sai ya yaga takardar ya fara ihu, har sai na fitar da shi daga aji. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki fara lura da abin da ke faruwa kafin ihun da kuma bayansa, domin sau da yawa irin wannan hali hanya ce ta kuɓuta daga aikin da ya fi ƙarfin yaro. Idan haka ne, fitar da shi da kike yi, duk da kyakkyawar niyyarki, yana koya masa cewa ihu na biyan buƙata.

Saboda haka, aikin za ki fara gyarawa. A maimakon shafi cike da tambayoyi, ki ba shi uku ko huɗu, ki cakuɗa waɗanda ya riga ya iya da sabuwa guda ɗaya, sannan ki bar shi ya zaɓi wadda zai fara da ita ko ya ƙirga da abubuwan da zai iya taɓawa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ki koya masa neman taimako ko hutu, da baki ko ta ɗaga kati mai hoto. A 1985 masana halayyar ɗan Adam Edward Carr da Mark Durand sun nuna cewa munanan halaye suna raguwa idan aka koya wa yara faɗin buƙatarsu. Da farko ki amsa masa nan take duk lokacin da ya nema, daga baya ki riƙa tsawaita aikin sannu a hankali.