Tambaya da Amsa: Gwajina ya saɓa wa na farfesa, in gyara alƙaluman?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu. Furojet ɗina a kan ganyen darbejiya ne, ko ruwansa yana kashe bakteriya. Duk takardun da na karanta sun ce yana kashewa, har da biyu na farfesan da ke duba aikina. Ni kuwa sau uku ina gwadawa, ƙwayoyin sun tsiro har bakin ramin da na zuba ruwan ganyen, ko alamar da'irar da ke fitowa a kewayen rami in ƙwayoyi sun kasa tsiro babu. Ƙawayena sun ce in rubuta alƙaluma masu kama da na takardun in huta, wai kowa haka yake yi. Zuciyata ta ƙi. To amma wace ce ni da zan ce wa farfesa ban ga abin da ya gani ba? A gida an hore mu ba a musu da babba.

Wata ɗaliba

AMSA

Wa'alaikumussalam 'yata. Allah ya yi miki albarka da zuciyar nan taki ta ƙi. Kada ki taɓa alƙaluman. Abin da kika gani a farantin da kike shuka ƙwayoyin shi za ki rubuta, ko da sifili ne daga sama har ƙasa. In kika ƙaga lamba, wani ɗalibi zai ɗauke ta baɗi ya ɗora nasa aikin a kai, watarana kuma wata uwa ta bar maganin asibiti ta koma jiƙa ganye saboda an ce jami'a ta tabbatar.

Sai dai kafin ki yi shakkar farfesa, ki fara da shakkar kanki. Wannan shi ne ɓangaren da ɗalibai suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi ciwo.

Sama da shekara talatin da suka wuce, ina digiri na biyu, na gwada ruwan bagaruwa a kan wasu ƙwayoyi. Da safe na buɗe inkubeta, wato akwatin ɗumin da ake ajiye farantan ƙwayoyi su tsiro, na tarar da ƙyar suka tsiro. Murna ta cika ni, har na fara tsara yadda zan rubuta. Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwajin, ba shi da digiri, amma ya fi mu duka sanin halin faranti. Ya ɗaga nawa ya kara da hasken taga, ya juya shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ina farantin da ba ka zuba wa komai ba?" Ban yi shi ba. Ashe an ɗauke wuta tun magariba, ba a tayar da janareta ba, inkubeta ta kwana da sanyi. Sanyi ne ya hana su tsiro. Har yau in na ga sakamakon da ya faranta mini rai, muryar dattijon nan nake fara ji.

To ke ma ki yi wa kanki irin tambayoyinsa. Kin sa maganin da aka san yana aiki, kamar jentamaisin, a kan faranti guda? In shi ma bai yi da'ira ba, matsalar daga tsarin gwajin take, ba daga darbejiya ba. In ya yi, farantinki lafiya lau yake, kuma sifilinki ya fara zama magana. Da me kika jiƙa ganyen, ruwa ko itanol, wato sinadarin alkohol? Su masu takardun da me suka jiƙa? Abin da itanol ke fitarwa daga ganye ba lallai ruwa ya fitar da shi ba. Ga kuma wani tarko: itanol da kansa yana kashe bakteriya, in ba a bar shi ya bushe sarai ba zai yi da'ira a ɗauka aikin ganye ne, shi ya sa ake ware rami guda a zuba masa itanol zalla. Wace ƙwaya kika yi amfani da ita? E. coli tana da wata fata ta waje da ke tare abubuwa da yawa, don haka sau da yawa ruwan tsirrai ya fi kama Staphylococcus. Zafin inkubeta ya tsaya a digiri 37 na ma'aunin Salshiyas daren duka? Kaurin abincin ƙwayoyin a faranti ya wuce milimita 4? Ki sani kuma, mujallu sun fi son buga gwajin da ya ce "yana aiki". Waɗanda suka samu irin naki galibi suna jefa shi a durowa, shi ya sa kika ga kamar duniya duka baki ɗaya ta yi.

Maganar musu da babba kuwa, ki saurari labarin olsa. Har zuwa farkon shekarun 1980 likitoci sun yarda cewa gyambon ciki daga yawan asid da damuwa yake, kuma babu ƙwayar da za ta rayu a cikin asid ɗin tumbi. A 1979 Robin Warren, likita mai duba nama a madubin asibiti a birnin Perth na Ostireliya, ya riƙa ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyi a naman tumbin marasa lafiya. Bai ce idonsa ne ya yi gizo ba. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin shuka ƙwayar a faranti tana ƙi, domin al'adar ɗakin gwajin ita ce a zubar da faranti bayan kwana biyu. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu farantai kwana biyar, sai ga ta ta tsiro. Ita ce Helicobacter pylori. Kin ga, ke mai aiki da faranti, kwana uku kacal ne suka raba "babu" da "akwai".

Manyan likitoci ba su yarda ba. A 1984 Marshall, yana ɗan shekara 32, ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa, cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka zura masa na'ura aka ga tumbinsa ya kumbura. Mutane suna son tsayawa a nan su ce manya sun ji kunya. Ni ban ga laifin manyan ba. Mutum ɗaya ne ya sha, kuma kumburi ya samu, ba gyambo ba. Suna da haƙƙin su ce a ƙaro hujja. Aka ƙaro ta: gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban suka nuna cewa in an kashe ƙwayar da magani, gyambon ba kasafai yake dawowa ba. A 1994 taron masana na hukumar binciken lafiya ta Amurka ya amince, a 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel. Shakkar Marshall ce ta buɗe ƙofar, shakkar waɗanda suka yi masa gardama ce ta sa maganin da ake ba masu olsa a asibitocinmu yau ya tsaya da ƙafarsa.

Kada kuma wani ya ce miki wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da Batlamus, malamin taurarin da aka shafe kusan shekara 900 ana bi. Ya ce mai neman gaskiya ya tuhumi abin da yake karantawa ta kowace fuska, ya kuma tuhumi kansa kada son rai ya ja shi. Malaman hadisi fa? Mutum zai zo da rawani da furfura, su ce daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji, sun ma taɓa haɗuwa? Babu wanda ya kira wannan rashin ladabi.

Ladabin yana cikin yadda za ki shiga ofishin. Ki sake gwajin sau ɗaya da jentamaisin da ramin itanol zalla, ki ɗauki hoton kowane faranti da wayarki tare da rula a gefe, ki riƙe littafin da kike rubuta kwanan wata da zafin inkubeta. Ki yi sallama, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ajiye su a gabansa ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na samu, na kasa gane inda muka bambanta, a duba mini." Ba ki ƙaryata shi ba, kin kawo masa aiki. Malamin kirki zai jawo kujera. Wataƙila a minti biyar ya nuna miki kuskurenki, wataƙila kuma ku gano cewa ganyen da kika tsinko da rani ba ɗaya yake da nasa na damina ba, babi na huɗu na furojet ɗinki ya samu abin faɗa. In kuwa ya ce ki canza lambobin, kada ki yi gardama a wurin, ki nemi wani malami a sashen da kika amince da shi ki nuna masa hotunan.

Ki rubuto mini abin da ramin jentamaisin ya nuna.